Koci Tanko da Maganar Hannu

Shekara ashirin da uku ke nan da muka kai Malam Tanko makwancinsa, amma har yau in na ga ana wasan ƙwallon kwando, hannuna yakan motsa kafin in ankara. Shi ne kocin ƙungiyar masaƙar da na yi aiki a Sharada tun ƙarshen shekarun saba'in, ni kuma ina cikin 'yan wasansa. Shi ma ma'aikacin ɗakin saƙa ne kamar mu. Gajere ne ƙwarai, har muna tsokanarsa cewa in ya tsaya ƙarƙashin kwando sai hularsa ta faɗi kafin ya hango bakinsa. Ba ya jin haushi. Cewa yake yi shi ba jefawa aka ɗauke shi yi ba.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba sai an yi masa bayani. In injina suka tashi gaba ɗaya, ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ba. Saboda haka da hannu muke magana. In ka taɓa haɓa, zare ya tsinke. In ka shafa kai, ga heluma, mai sa ido a kanmu, nan tafe. In ka dunƙule hannu a ƙirji, kana cewa zo ka taimake ni. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Aikin ne ya koya mana, shi ne kuma ya cinye mana rabin jinmu.

Wannan maganar hannun Koci ya ɗauka ya kai fili. Taɓa haɓa ya koma "ruga ƙarƙashin kwando, ƙwallo na zuwa". Shafa kai ya koma "kowa ya saki mutuminsa ya tsare wurinsa". Dunƙule hannu a ƙirji kuwa, "zo ka tare mini wanda ya manne mini". Sauran ƙungiyoyi sai ihu, kocinsu na ta kwarmata dabararsa kowa na ji, mu kuwa tsit, sai ƙarar takalmi. A kamfanonin Challawa har cewa aka yi asiri muke da shi. Asirin ɗaya ne: Koci ya roƙa aka haɗa mu duka a aikin safe, a ɗaki guda. Mu wuni muna kallon hannun juna, bayan la'asar mu fita atisaye. Ni da Mamman, wani dogon mutumin Damagaram da injinsa ke kusa da nawa, mun kai inda kafin ya ɗaga hannu na san abin da zai ce.

Nasara ce ta jawo mana. Da muka ci kofin kamfanoni, sai manyan da ba su taɓa leƙo filinmu ba suka tuna akwai ƙungiya. Alhaji Bala, jami'in kula da ma'aikata, ya zama shugaban kwamitin wasanni, ya ɗauko zaratan samari daga Legas da Kaduna, aka ba su aikin suna a ofis. Ba zan yi musu ƙarya ba, ɗaya da ɗaya sun fi mu iya wasa. Koci ma bai ƙi su ba. Abin da ya nema kawai a sa su a ɗakin saƙa na ɗan lokaci.

Alhaji Bala ya yi dariya ya ce, "Haba Malam Tanko, 'yan wasa na ɗauko maka, ba masu saƙa ba."

Koci ya ce, "Ranka ya daɗe, to ai ba za su ji mu ba."

Da Koci ya ci gaba da fara wasa da mu maimakon baƙin, Alhaji bai yi faɗa da kowa ba. Rabon aiki a hannunsa yake. Ya mai da Mamman aikin dare, ni aikin rana, sauran ya watsa su. Atisaye ya zama yau mutum uku, gobe biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon da gangan aka tsaga shi.

A wani fili a Bompai aka gama da mu. An matse Mamman, ya dunƙule hannu a ƙirji yana kallon ɗaya daga cikin baƙin. Yaron ya tsaya sororo, ya ɗauka ƙirjin Mamman ke ciwo, har yana yi wa alƙalin wasa nuni. Ranar na fara ganin Koci yana ihu daga bakin fili. Ganinsa na yi, ban ji shi ba, don mu kunnuwanmu sun mutu, su kuma baƙin ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Aka lallasa mu. Kwamiti ya ce Koci ya tsufa da dabara, aka mai da shi bakin injinsa. Baƙo raɓa ne: da kamfani ya fara tangal-tangal suka kama gabansu, ƙungiya ta mutu kafin masaƙar ta bi ta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Filinmu manyan motoci ke kwana a kai. Samari suna kallon wasan ƙasashen waje a waya, kowa burinsa ya jefa daga nesa a tafa masa. Ba na jin zai zage su. Tambaya zai yi, a ina suke aiki tare? Amsar ita ce ke karya mini zuciya, don babu. Dabararsa ba a allo take ba, sai da ɗaki mai injina da mutanen da suka wuni tare, kuma ɗakunan an garƙame su daga Sharada har Bompai. Ko ya dawo, ba shi da inda zai fara.

Na daɗe ina lallashin kaina cewa wani abu nasa ya rage, tunda Mamman na nan yana gadi a Na'ibawa. In na hango shi a tsallaken titin Zariya, sai ya shafa kai, in taɓa haɓa, mu yi ta dariya kamar mahaukata. Bara ciwo ya kwantar da shi, har magana ta ɗauke. Da na shiga duba shi ya dube ni, ya dunƙule hannu ya ɗora a ƙirji. Na matso na tsaya a gefensa kamar yadda Koci ya koya mana, amma wanda ya manne masa ba irin wanda ake tarewa ba ne. Bai ƙara mako ba.

To me ya rage na Malam Tanko? Kofin ban san inda yake ba. Sunansa ba ya jikin kowane bango. Abin da ya rage yare ne da mutum ɗaya ke ji, mutumin kuma ya tsufa, kuma kurma ne. Allah ya jiƙan Koci, ya jiƙan Mamman, ya kyautata namu zuwan.

Shekaranjiya ina zaune a tsakar gida ina tunaninsu, ban san na dunƙule hannu a ƙirji ba. 'Yata ta matso kusa da kunnena ta ɗaga murya, "Baba, ƙirjin ne ke ciwo?"

Na ce mata e.