Jarkar da Na Mayar Gidan Kukuma

Mahaifina makaɗin kukuma ne. Manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi, yana noma masara da auduga, amma in an tashi gayya ko suna ko bikin wani manomi, shi ake aika wa. Kukumar tasa 'yar ƙarama ce, ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, da tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki. Da hannunsa ya haɗa ta tun ba a haife ni ba. Duk da yadda yake ji da ita, a tsohon buhun taki yake jefa ta, ya ɗaure bakin, ya rataya a kafaɗa.

Lokacin da yake zuwa a ƙasa ko a keke, buhun bai taɓa ba shi kunya ba. Babur ne ya kawo matsala. Wata damina, ina gidan mijina a Funtua inda nake sana'ar ɗinki, sai ga Baba ya biyo ta wurina daga wani biki a Gozaki. Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba, ya kwance buhun ya nuna mini. Mai babur ya faɗa rami, ƙwaryar ta bugi ƙarfen baya ta tsage. Fatar kuma ta sha danshi ta saki.

"Uwata, yau a gaban jama'a na goga, sai ta yi kamar akuya mai mura," in ji shi. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Dariya yake yi, amma na ga abin ya ci masa rai. Na ce, "Baba, in ka gyara ta, ka bar mini ita ta kwana biyu. Zan yi mata gida."

"Gida kuma? Amarya ce da za a haɗa mata akwati?"

Duk da haka, da ya ɗinke tsagar ya sake mata fata, sai ya aiko mini da ita.

Da abin da na iya na fara. Na ɗinka jaka mai ruɓi biyu, na cusa audugar gonarsa a tsakani, na bi ta da ɗinki layi-layi kamar katifa. Ta yi kyau ƙwarai. Baba ya tafi da ita, ruwa ya kama shi a hanya, audugar ta shanye ruwan ta riƙe, kukumar ta wuni a jiƙe. Da ya dawo mini da jakar bai kushe ta ba, cewa ya yi kawai, "Ta rani ce wannan."

Na rasa yadda zan yi, har wata rana na leƙa wurin maƙwabciyata. Bayarabiya ce, amma a nan Funtua aka haife ta, man girki take sayarwa. Ina zaune ina ba ta labari, idona ya sauka a kan jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ta jera a bayan ƙofa. Na tashi na ɗauki ɗaya na ƙwanƙwasa.

"Maƙwabciya, mai za ki fara sayarwa?" ta tambaye ni.

"A'a, kukuma zan kwantar a ciki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zaɓo mini wadda ba ta da ko ƙwarzane.

Wanke jarkar ya fi komai ba ni wahala. Na yi da sabulu, na yi da toka da ruwan zafi, na shanya, na sake, har ƙanshin mai ya bar ta. Sannan na zafafa wuƙa a garwashi na raba ta biyu a tsaye, tun daga baki har gindi. Warin robar ya cika gidan, maigidana ya fito yana toshe hanci yana tambaya ko wayar wuta ce ta kama. Da ya ga abin da nake yi, shi ya samo mini guntun bututun ruwa. Na tsaga shi ma, na haɗa a bakin jarkar don wuyan kukumar ya samu wurin miƙewa. A ciki na yi wa ƙwaryar gurbi da auduga daidai jikinta, na rufe da ƙyalle mai laushi, na bar rata a saman fatar don kada komai ya taɓa ta. Na huda ramuka da ƙusa mai zafi, na ɗinka zif da basilla, yatsuna duk suka yi kanta. Daga waje kuma na lulluɓe da ledar da ake rufe kujerar babur, na bar mata leɓe ya sauko ya rufe zif ɗin.

Da Baba ya zo karɓa, ya jujjuya ta, ya zuge, ya rufe, ya girgiza a kusa da kunnensa. Ko motsi babu. Ya rataya ya tafi.

Labarin abin da ya biyo baya ya zo mini ne daga bakin mai babur ɗin da ke kai shi wurare. Suna hanyar wani ƙauye bayan Dayi, rafi ya kawo ruwa, suka ce za su tura babur su haye. Santsi ya kwashi Baba, igiyar ta zame daga kafaɗarsa, ruwa ya ɗauki jarkar. Ba ta nitse ba. Ta yi ta lilo a saman ruwa har wani manomi ya tare ta da ƙotar fartanya.

"Hajiya, wallahi nan take Baba ya zuge jarkar," in ji mai babur ɗin. "Sai ga kukumar a bushe ƙayau. A nan bakin rafin ya zauna, rigarsa na ɗigar ruwa, ya goga ta. Masu jiran ruwa ya janye duk suka kewaye mu. Kowa ya tambaya sai ya ce 'yarsa ce ta yi."

Daga nan aka fara sallama a ƙofar gidanmu. Wani mai gurmi ya zo daga Dandume, mai kuntigi ya zo, nasa ma a 'yar galan ya shiga. Wanda ya fi gwada ni wani saurayi ne da ke kiɗa a coci, ya kawo ƙaramar jita mai faɗin ƙugu. Sai da na haɗa jarka biyu, na ɓata ɗaya kafin na gane inda zan yanka. Kowane abin kiɗa da irin kwanciyarsa, shi ya sa ba na fara aiki sai an bar mini shi na gani da idona.

Kwanan baya ina cikin Keke Napep a tsakiyar Funtua, sai wani babur ya wuce mu. Mutumin da ke baya ban san shi ba, amma na san abin da ya goya. Na gane ɗinkina a gefen leɓen, har da inda zare ya ƙare mini na ƙarasa da ja. Ko sayar masa aka yi, ko aro ya karɓa, oho. Na taɓa matar da ke kusa da ni, wadda ban taɓa gani ba, na nuna mata.

"Baiwar Allah, kin ga wancan abin da ya rataya? Ni na yi shi."

Ta leƙa ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta juyo ta ce, "Ke da kanki? Kai, Allah ya yi wa hannun nan albarka."