Jan Ruwan Auta

A shekarar da gwiwoyin Inna suka fara hana ta zuwa Masallacin Ƙuba da ƙafa, autanmu yana karatu a Japan. Mu kuwa muna nan unguwar Ranuna, a ƙaramar shaggarmu, wato sashen gidan da muke zaune. Da ya ji labarin ciwon, sai ya aiko mana da wasu ƙunshe-ƙunshen garin zubawa a ruwan wanka, iri uku, ta hannun wani abokinsa da ya zo Umara. Ya ce daga wuraren ruwan zafin ƙasar aka samo su, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana tururi.

Bayan La'asar nakan ɗumama ruwa, in juye a baho, in zuba ƙunshi ɗaya. Na farkon ya mayar da ruwan fari kamar nono. Inna ta toshe hanci da gyale.

"Wannan ai warin ruɓaɓɓen ƙwai ne!"

Muka kira Auta ta bidiyo. Ya yi dariya, ya ce farar wuta ce a ciki, mutanen can suna shigarsa saboda ƙaiƙayi da kaushin fata. Na biyun na gishiri ne, in ji shi, yana riƙe ɗumi a jiki bayan an fito. Na ukun kuma ja ne, ƙarfe ne a cikinsa, masu sanyin jiki ke nemansa.

Inna ta gwada su duka, tana yanke hukunci kamar mai ɗanɗana miya. Farin ya tausasa mata diddige. Na gishirin ya sa ta barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Jan bai burge ta ba, ta ce ruwan tsohuwar randar ƙarfe ne kawai.

Wata Juma'a ta tambayi Auta a waya, "Kai wanne kake shiga?"

"Jan, Inna. Shi ne kusa da mu. In sanyi ya dame ni, can nake zuwa."

Ta ƙura wa fuskarsa ido a waya. Washegari da na ɗauko na gishirin, sai ta ce in mayar, in kawo jan.

Gwiwar dai ba ta warke ba, sai da likitan mustashfa, wato asibiti, ya yi mata allura ta samu sauƙi. Amma har garin ya ƙare, jan kawai take sa in zuba. Takan tsoma ƙafafunta, ta lumshe ido, tana yi masa addu'a ƙasa-ƙasa. Ni kuma in zauna a tabarma ina murza mata ƙwauri, har a kira Magariba.