Jinin Ɗan Fari

Mahaifiyata ta haihu sau bakwai, ni kaɗai na rayu. Ni ne na fari, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka ake yi a wajenmu, wata ruga da ta zama ƙauye kusa da Korgom: ɗan fari abin kunya ne, ba a kiran sunansa, ba a rungumarsa gaban mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. In Inna, wato mahaifiyar tawa, tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce, "A hwaɗa ma wancan randa ta ƙahe." Ni kuma in tashi in ɗauki guga.

Sauran shidan na gan su ɗaya bayan ɗaya. Za a haifi jariri ɓul-ɓul, mata su yi guɗa, kafin gari ya sake wayewa idonsa ya koma kamar an ɗiga masa gangamau. Daga ido abin ya sauka fuska, ya sauka ƙirji. Sai ya ƙi nono, ya riƙa wani siririn kuka yana banƙarewa. Ba wanda ya kai ranar suna. Biyun ƙarshe ma a kumbure suka zo, ba rai.

Mutane suka ce wabi ne, wato yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa don ya wahalar da uwarsa. An ɗora na uku a kan juji an ɗauko, wai ya ga ba a damu da shi ba ya zauna. An tsaga kunnen na huɗu kafin a rufe shi, don a gane shi in ya dawo. Inna ta sha rubutu har haƙoranta suka rine, Baffa, mahaifina, ya yanka bajimi sadaka, an sauya mata ɗaki sau biyu. Wata tsohuwa mai sayar da nono ta taɓa kallona ina wasa da ƙasa ta ce, "Wanga da ya hito, ƙofa ya jawo ya ruhe." Na tsani matar nan shekara da shekaru, ko nononta ba na sha.

Aka sa ni lakwal, makarantar boko, na zama malamin makaranta. Na koyar a garin Sarkin Hausa, na koyar a Mayahi, daga ƙarshe aka ajiye ni Tasawa. Na yi aure, Allah ya ba mu 'ya'ya biyar, duka a raye. Ina jin kaina wayayye, ina yi wa mutanen ƙauye dariyar wabi, amma da aka haifi 'yata ta fari ni ma bakina ya kasa kiran sunanta. "Yarinyar nan" nake cewa. In ta shigo da abinci sai in tsura wa rediyo ido. Ban taɓa ganin laifin haka ba, a ganina mutunci ne.

Shekarar da yarinyar ta cika sha takwas Inna ta kwanta. An ɗauko ta a amalanke har bakin hanya, aka sa ta mota zuwa likita a Tasawa. Tafin hannunta fari fat. Aka ce sai an ƙara mata jini. Na naɗe hannun riga ina ƙafafa, ai ɗanta ne ni, wa ya fi ni cancanta? Mai awon jinin ya ɗiga nawa a kan farar tangaran, ya ɗiga nata, ya daɗe yana jujjuyawa.

"Mushe, naka ba ya shiga jikinta," in ji shi, da laƙabin da ake kiran malamin boko a wajenmu. "Tsohuwar ɗiya nawa ta haihwa?"

Na ce bakwai.

"Nawa sunka rayu?"

"Ni kaɗai."

"Kai ne na hwarko ko?"

Ban gaya masa ba, shi ya faɗa. Ya jawo mini kujera, ya yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ya ce ban da rukunin jini da kowa ya sani, akwai wata alama a jikin ƙwayar jini da ake kira rezus. Yawancin mutane suna da ita, 'yan kaɗan ba su da ita. Gado ce, rabi daga uba rabi daga uwa. Inna ba ta da ita, ni kuwa na ɗauko ta wajen Baffa. Ranar da aka haife ni jinina ya ɗan gauraya da nata, jikinta ya ga baƙon abu, ya haɗa masa makami ya ajiye. Ni na riga na fita. Duk wanda ya biyo bayana da irin jinin Baffa, makamin nan ne ya tarye shi tun yana ciki, ya riƙa farfasa masa jini. Shawarar da muke gani a idonsu ke nan.

Na ce, "To, ba magani?"

Ya ce akwai allura, amma ta rigakafi ce. Ana yi wa mace cikin kwana uku bayan ta haihu, ko bayan ta yi ɓari, kafin jikinta ya koyi faɗan. In ya riga ya koya, ba ya mantawa. Ya maimaita mini, haihuwa ko ɓari, har yana buga yatsa a tebur. Na tuna tsohuwar mai nono, na ji kunyar ƙiyayyar da na yi mata.

Aka auna duk mutanen gidana ana neman wanda zai ba Inna jini. Mutum ɗaya aka samu, 'yata ta fari. Ashe rashin alamar nan yana ɓoye a jikina ta wajen Inna, yana ɓoye a jikin maiɗakina ta wajen nata dangin, sai suka haɗu a kan yarinyar. Ta kwanta aka ɗebi leda guda, tana tsokanar kakarta wai yanzu sai ta riƙa yi mata biyayya. Kowa yana dariya, ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa. Mai awon ya ba ni katinta ya ce, "Wagga ka kula da ita, Mushe."

Inna ta ƙara shekara biyu a duniya. Ban gaya mata ba. Me zan ce? In ce ni ne na rufe ƙofar? Ta rasu tana ganin wabi ne, na bar ta a haka.

Da aka tashi auren yarinyar, angon wani ɗan'uwan uwarta ne mai sayar da wake a kasuwar Urafane. Na lallaɓa shi ya je awo, aka ce yana da alamar, irin ta Baffa da tawa. Ya kamata in zaunar da su biyun in yi musu bayani tiryan-tiryan, ni da na shekara talatin ina bayani gaban allo. Amma yaya uba zai dubi 'yarsa ta fari ya yi mata maganar ciki? Sai na kira uwarta na miƙa mata katin na ce, "Ki aje wanga. Ran da yarinyar nan ta haihu, a hwaɗa mini da wuri, akwai allurar da za a yi mata." Haihuwa kawai na ce. Ɗaya kalmar tana bakina, ban manta ta ba, nauyi ta yi mini. Na ce a raina ai ba a yi wa amarya fatan ɓari.

Damina ta farko bayan bikin, ana tsakiyar noman gero, na tarar maiɗakina tana ɗaure kaya. Ta ce za ta Urafane, yarinyar ba ta jin daɗi. Na ce zazzaɓi ne? Ta kau da kai ta ce, "Ciwon mata ne." Na san tambayar da ta kamata. An kira la'asar daidai lokacin. Na ce Allah ya sawwaƙe, na zura takalmi na tafi masallaci. A hanya ina ce wa kaina ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Uwar ta yi mako guda ta dawo, ta ce da sauƙi, ban ƙara tayar da zancen ba.

Bayan shekara aka kawo yarinyar gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Nan fa na tashi da himma. Na hau mota har Maraɗi na samo allurar, na riƙo ta cikin tarmos da ƙanƙara, na ajiye a firij ɗin maƙwabcina mai sayar da ruwan sanyi. In wuta ta ɗauke sai in fita neman ƙanƙara kamar mahaukaci, har maƙwabcin ya fara ce mini mai gadin kwalba. Ina jin daɗin kaina ƙwarai. Ina cewa abin da ya ci Inna ba zai ci jikarta ba, tunda ga ni.

Ita kuwa tana zuwa awo da karnenta, ɗan littafin da ake rubuta bayanin ciki. Na leƙa karnen wata rana da ta bar shi a kan tabarma. An rubuta ciki na farko. Na rufe na ajiye, na ji sanyi, kamar ban san abin da aka faɗa wa takarda kawai take ɗauka ba.

Ta haihu ranar Talata da hantsi, namiji. Kafin azahar na kai allurar aka yi mata. Na koma gida ina karɓar barka. Washegari da safe maiɗakina ta aiko a kira ni. Na tarar ungozomar likita ta fito da jaririn bakin taga, tana danna masa goshi da yatsa tana sakewa. Na matsa na duba. Shekara arba'in da wani abu rabona da ganin launin nan, amma ban buƙaci kowa ya gaya mini ba.

Ungozomar ta juya wajen gadon. "Ɗan hwari bai cika yin haka tun kwana guda ba. Ki hwaɗa mini gaskiya, wanga ne cikinki na hwarko?"

Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska, saboda ina wurin. Uwarta ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Ta yi ɓari bara da damana. Wata huɗu."

"An yi mata allura lokacin?"

Uwarta ta girgiza kai. Ungozomar ta ce allurar jiya ta zama ihu bayan hari, a nemi mota yanzu a tafi Maraɗi.

Yaron ya rayu. Kwana tara ya yi ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, ido a ɗaure, aka ƙara masa jini. Ranar suna a can ta same mu, ba rago ba taro, na raɗa masa suna ta cikin gilashi. Aka auna uwarsa, aka ce jikinta ya riga ya koya. Likitan ya ce duk cikin da za ta yi nan gaba sai an sa masa ido tun daga farko, a babban asibiti, kuma abin yakan ƙara tsanani daga ciki zuwa ciki. Ya ce wani yakan tsira, wani ba ya tsira. Daga Urafane zuwa Maraɗi kuwa akwai nisa, balle da damina, wanda ya san hanyar ya san abin da ake nufi.

Yanzu yaron yana shekara biyu, yana bin awaki da kara. Watan jiya uwarsa ta zo ganin gida, na lura da yadda take zama da yadda take ture tuwo, na gane ciki ne da ita. Wannan karon ban aika kowa ba. Na sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, na kira ta, da sunanta, har ta waiga tana neman wanda ake kira. Na yi mata bayanin duka, tun daga 'yan'uwana shida har zuwa tangaran ɗin mai awo. Na ce gobe za mu tafi Maraɗi, ni da ita da mijinta. Tana saurare kanta a sunkuye, tana murza bakin zane.

Da na gama sai ta ce, "Baba, laihina ne. Ni na hana uwata ta hwaɗa maka, kunya nike ji. Da an hwaɗa maka ran nan ba ni lahiya, da ka kawo allurar ko?"

Da na yi shiru da ta tafi da laifin a kanta, kuma na san za ta ɗauke shi har ƙarshen ranta ba ta ce uffan ba.

Na ce, "An hwaɗa mini."

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a mara, ta shiga cikin gida.