Yaƙin 'Yan Gida Ɗaya

Alƙali ake ce masa, alhali ko shaida bai taɓa zuwa bayarwa a kotu ba. Mai aski ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun tuni, madubi mai tsaga a gefe, benci, sai talabijin a maƙale can sama. Talabijin ɗin nan ce ta ja masa sunan. Ba a gama kallon fim a shagon ba tare da ya yanke masa hukunci ba, hukuncin nasa kuwa ba dogon bayani ba ne, suna yake raɗa wa fim. Ya ce wannan "Kuka Har Gobe" ne, wancan kuma "Mota Ta Fi Jarumi Iya Wasa", shi ke nan, sunan da masu fim suka sha wahala suka zaɓa ya mutu murus. Mutane kan zo da sumar da ba ta isa aski ba don kawai su ji me zai ce. Shi ma, a faɗi gaskiya, dariyar da ake yi ta fi masa kuɗin askin daɗi.

Bakinsa ne mai kaifi, hannunsa kam taushi gare shi. In zai yi aski, babban yatsansa na hagu yake kafawa a bayan kunnen mutum, sauran yatsun su tallafe ƙeya kamar mai riƙe da jariri. In ya gama sai ya sunkuya ya hure gashin da ya maƙale a wuya, ya ce, "Tashi, ka zama mutum." Bai san yana yi ba ma. 'Ya'yansa maza duk a hannun nan suka girma, har Auta, wanda ko da ya tara gemu bai yarda wani ya taɓa masa kai ba sai mahaifinsa.

Auta ɗaukar bidiyo yake yi a wuraren taro, yana samun na rufin asiri. Wata rana yana kan kujera, tawul a wuya, ya ce, "Baba, fim zan yi. Na yaƙi."

"Yaƙi da wa? Da sauro?"

"Da gaske nake, Baba."

Da gasken yake. Ya ari kyamara ta biyu a wurin wani abokinsa. Kakin sojoji kuwa tsofaffin kayan masu gadi ne aka rina. Kafinta ya sassaƙa bindigogi, aka shafe su da baƙin fenti. Hayaƙin fagen fama tsofaffin tayoyi ne, fagen faman kansa ramin da ake fasa dutse ne a bayan gari. 'Yan wasa abokansa ne da 'ya'yan 'yan uwa, kuma da yake ba su da yawa, wanda aka harbe a matsayin soja sai ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya naɗa ƙyalle a ka, ya dawo a ɗan tawaye. Auta ya rame, ya yi baƙi, mahaifiyarsa tana ajiye masa abinci har ya huce bai dawo ba. Fiye da shekara yana kan abin nan.

Ranar da za a nuna fim ɗin, uwar ta tare Alƙali a ƙofar ɗaki yana ɗaura agogo.

"Malam, don Allah yau ka bar bakin nan naka a gida."

"To da me zan gaisa da mutane?"

"Ni dai na faɗa maka. Yaron nan kai yake kallo."

An kama wani ɗakin taro, aka toshe tagogi da kwalaye saboda hasken rana, aka rataya farin zanen gado a bango. Ɗaki ya cika maƙil. Alƙali aka ba kujerar gaba, Auta kuma ya tsaya can baya wajen na'urar haskawa.

Da farko ya kame bakinsa, Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Amma bindigar farko da ta tashi, ƙararta kamar an yar da murfin tukunya. Wani bakanike da ke zaune a bayansa ya taɓo shi ya ce, "Alƙali, yau kuma shiru? Ko don na gida ne?" Maganar nan ce ta soke shi. Shi da ya yi shekaru yana fatattakar finafinan mutanen da bai sani ba, a ce yau ya yi son kai? Sai ga ɗan ƙanwarsa, wanda aka binne a gabansu ɗazun nan, ya ɓullo daga bayan dutse da ƙyalle a ka yana harbi. Alƙali ya juya kujerarsa gaba ɗaya, ya fuskanci jama'a, ya fara lissafa musu matattun da suka dawo: wannan ɗan wane ne, wancan jiya ma ya yi masa aski, wancan kuma ya mutu da safe ya tashi da azahar. Layin baya suka dinga ƙyaƙyata dariya. Ya daɗe a haka, bayansa ga allon, fuskarsa ga masu dariya. Ya ji dai wani wuri ɗakin ya ɗan yi tsit, har wata mata ta ce masa, "Haba Malam, ka bar mu mu ji," amma ya ɗauka sautin ne ya sake lalacewa.

Da aka cire kwalayen tagogi, kowa ya kama faɗin nasa. Bakaniken ya ce hayaƙin ya yi, amma warin taya har ta cikin allo ya ji shi. Wani malamin makaranta ya ce labarin yana da ma'ana, kayan aiki ne suka ci amanarsa. Matar nan tana share ido da gefen mayafi, ta ce ita dai ya taɓa mata zuciya, ba ta san dalili ba. Wasu samari suka ce harbin ya yi kaɗan, surutun ya yi yawa. Duk da haka ba wanda ya nufi ƙofa. Hukunci suke jira.

"Wannan," in ji Alƙali, yana gyara hula, "Yaƙin 'Yan Gida Ɗaya ke nan. Su kashe, su mutu, su yi wa kansu zaman makoki."

Ɗakin ya ɗauki shewa. Auta ma ya yi murmushi, yana naɗe waya a gwiwar hannunsa.

Sunan ya bi fim ɗin kamar ƙaiƙayi. Duk inda aka kai shi, sunan ya riga shi isa, mutane su shigo da dariyarsu a baki tun ba a kunna ba. Aka daina kiran Auta da komai sai Kwamandan 'Yan Gida Ɗaya. Bai yi faɗa da kowa ba, bai ce wa mahaifinsa uffan ba. Ya mayar da kyamarar aro, ya sayar da tasa, ya koma wani gari mai nisa yana maƙala wa masu shaguna kyamarorin tsaro. Yana aiko da saƙo, yana zuwa gaisuwa, yana durƙusawa yadda ya saba. Sai dai kullum da sabon aski yake isowa. Alƙali ya kan kakkaɓe kujera ya ce, "Zo in ɗan gyara maka gefen nan," shi kuma ya ce, "Na yi a hanya, Baba." Abin yana ci wa tsohon rai ƙwarai, amma ya gaya wa kansa cewa gaskiya ya faɗa, fim ɗin ai ba kyau, kuma yaro zai huce.

Shekaru suka tafi. Furfura ta cinye kan Alƙali, samari suka koma shagunan zamani, talabijin ɗin ma ta mutu bai gyara ba. Wata safiya wani baƙon dattijo ya shigo yana jan ƙafa, ya ce tsohon soja ne, ya zo ganin 'yarsa ne a unguwar. Ya zauna, Alƙali ya kafa yatsa a bayan kunnensa, ya tallafi ƙeya, ya kunna kilifa. Bai kai rabin kai ba dattijon ya kama masa hannu.

"Tsaya, Malam. Wannan riƙon na san shi. Kai ka koya wa yaron nan na cikin fim?"

"Wane fim?"

"Wani na yaƙi, 'yata ta sa min a waya. Bindigoginsu na katako ne, na sha dariya. Amma akwai wurin askin nan. Wanda ya yi wurin nan, ko bai je yaƙi ba, ya san yadda ake riƙe mutumin da ke jin tsoro."

"Babu wani aski a fim ɗin," in ji Alƙali. "Ni na kalle shi."

Dattijon ya laluba aljihu, ya ciro wayar, ya yi ta dannawa da ƙyar har ya samo wurin, ya miƙa masa.

Ga ramin dutsen nan, ga kakin masu gadi. Ba harbi, ba kiɗa. Wani soja matashi yana zaune a kan akwati, gobe za a tura su gaba, jikinsa sai rawa yake yi. Wani babba a cikinsu ya zo da reza, bai yi masa wa'azi ba, bai ce ya yi jarumta ba. Ya kafa babban yatsa a bayan kunnensa, ya tallafi ƙeyarsa, ya yi ta aski a hankali har rawar jikin ta tsaya. Kyamarar ba ta bar hannun nan ba. Da ya gama ya sunkuya ya hure masa wuya, ya ce, "Tashi, ka zama mutum."

Alƙali ya zauna a kan benci, kilifar tana ta kuka a hannunsa. Kunya ta rufe shi, da baƙin cikin da bai taɓa jin irinsa ba. Ya nemi gafarar dattijon, ya fita bakin shago, ya kira Auta a waya. Ana jin ƙarar injin huda bango a inda yake.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Auta, na ga wurin askin nan. Yanzun nan na gani."

Injin ya yi shiru.

"Ai an nuna shi ranar, Baba."

"Ina cikin ɗakin, wallahi ban..."

"Na sani," in ji Auta, muryarsa ba fushi ko kaɗan, abin da ya fi yi wa Alƙali ciwo ke nan. "Ina tsaye a baya, ina jira a zo wurin in ga yadda za ka yi. Kowa ƙeyarsa nake gani. Kai kaɗai nake ganin fuskarka."

Auta ya ce mai shago yana jiransa, a gaida Mama. Can ciki tsohon sojan yana zaune gaban madubi da rabin aski, yana jira a zo a ƙarasa masa.