Iya Talatu, Mai Ɗan Ɗaki a Kan Faifai

Ina tsakar gida ina surfe da hantsi Ladi ta yi sallama. Ladi matar ɗan Iya Talatu ce, kuma ba ta saba zuwa gidanmu a irin wannan lokaci ba. Da na ga idonta na jingine taɓarya. Ta ce, "Uwar Saude, Iya ta cika. Bayan ta yi salla ta ce in kawo mata ruwa, kafin in dawo Mai shi Ya karɓi abinSa." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ina faɗa ina jin muryata kamar ta wata ce.

'Yata Saude tana gindin rumbu ta ba mu baya, tana tankaɗe yumɓun da za ta kai wa Iya. Ba ta juyo ba, domin Saude ba ta ji. Na tsaya ina kallon bayanta, ban san yadda zan gaya mata ba.

Malamar da ke koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci ce ta ce in rubuta abin da na sani game da marigayiya, a karanta wa mata ranar sadakar arba'in. Hannuna bai daɗe da sanin alƙalami ba, don haka a yi haƙuri da ni. Amma duk Potiskum babu wadda ta fi ni dalilin yin wannan magana.

Iya Talatu 'yar Gadaka ce, ba Bahaushiya ba, aure ya kawo ta garin nan tun tana yarinya. Da ginin tukwane ta fara, kamar uwarta, daga baya ta koma gyaran ɗakunan mata. Ita ke gina gadon ƙasa mai wurin wuta a ƙarƙashi, ta fitar da alkukin fitila a jikin bango, ta ɗaga matakalar jere inda ake shirya ƙore da tasoshi, sannan ta bi bangon da zane da farar ƙasa. Lokacin da manyan motoci suka fara kawo kwanuka masu fenti daga kantunan Kano, ita ta fara liƙa su a bango jere-jere, har matan Fika suka riƙa aiko mata. Akwai masu wannan aiki ban da ita, amma hanyarta daban ce. Ba ta taɓa bangon kowa sai ta fara gina ɗakin ƙarami da yumɓu a kan faifai, babu rufi, da ƙofarsa da gadonsa da gindin randarsa. Shi take kira ɗan ɗaki. Za ta kai shi gidan, ta ajiye a ƙasa ƙofarsa na kallon inda ƙofar babban ke kallo, ta miƙa wa matar guntun kara ta ce, "Wannan ke ce. Shiga ɗakinki." Matar za ta yi ta yawo da karan a ciki, ta matsar da gado, ta sauke jere, ta mai da shi, Iya na gefe tana cin goro. Takan ce, "Ni kwana nawa zan yi a ciki? Ita ce za ta tsufa a nan."

Saude tana 'yar ƙarama sanƙarau ya shigo gari, shekarar da Turawan asibiti suka kafa rumfuna a bayan gari suna kwantar da mutane. Allah Ya bar mini ita, amma ciwon ya tafi da jinta, maganar da ta fara koya kuma ta bi shi sannu a hankali. Ba a daɗe ba mahaifinta ya rasu. Tun daga nan tambaya guda ta zauna mini a ƙirji, ina surfe tana nan, ina salla tana nan. Idan na mutu, wa zai riƙe yarinyar nan, kuma da me za ta ci abinci? Ko bakin rijiya ba na barinta ta je ita kaɗai. Idan aka tambaye ta abu, kafin ta ɗaga hannu na riga na amsa.

Gadona ne ya tsage wata damina, na kira Iya ta gyara. Tana aiki Saude ta ɗebi ragowar laka ta koma gefe. Da Iya ta fito wanke hannu sai ta tarar yarinyar ta gina ɗakinmu kaf, har da tsagewar gadon a daidai inda take, har da gindin tulun da ya karkace. Iya ta tsuguna ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Wa ya koya mata?"

Na ce, "Babu kowa, Iya. Wasa ne. Ba ta ji, ba ta magana."

Ta ce, "To ni Hausar tawa har yau rabi ce, kuma ban kwana da yunwa ba. Gobe ki kawo mini ita."

Na kai ta, na shimfiɗa zanena a bakin ƙofa na zauna. Iya ta nuna mata yumɓu, na yi mata alama wai Iya tana nufin ta kwaɓa. Ta nuna mata ruwa, na tashi zan ɗebo. Iya ta dube ni ta ce, "Uwar Saude, ke na ɗauka aiki ko ita? Ba ki da wanki a gida?" Na fita raina a ɓace, na tsaya bayan danga ina leƙe ta tsakanin karare. Abin da na gani shi ne, Iya ta karya kara biyu, dogo da gajere. Ta nuna ƙirjinta da dogon, ta nuna Saude da gajeren, ta sa su cikin wani tsohon ɗan ɗaki, dogon na gaba gajeren na bin sa. Saude ta yi dariya da ƙarfi, irin dariyar da rabona da jin ta tun kafin ciwon. Tun daga ranar nan, da waɗannan karare biyu suke magana da juna. Idan za su aiki garin Mamudo, dogo da gajere su fita ƙofa tare. Idan Saude ta yi kuskure, dogon ya ƙwanƙwashi gajeren a ka.

Ban taɓa ganin ta riƙe hannun Saude ta gyara mata ba. Idan jeren ya yi tsawo, sai ta ɗauki gajeren kara ta sa shi yana ta miƙa bai kai ba, har yarinyar ta gane da kanta ta rushe. A haka Saude ta koyi auna kamun hannun mace kafin ta ɗaga bango, da barin hanyar da mai ɗauke da tulu za ta juya, da nesanta ƙoren nono daga hayaƙi. Da hukumar En'e ta buɗe ajin mata na shiga ne don in koyi rubutu in koya mata, ko ta sami abin yin magana da mutane. Iya ta ji labari ta yi ta dariya, ta ce, "Je ki ki koya, zai amfane ki. Amma matan da za ta yi wa ɗaki, nawa ne suka iya karanta abin da za ta rubuta musu?"

Akwai wani aiki da ba na mantawa. Wata marainiya a unguwarmu za ta tare, duk kayanta ba su wuce 'yan tasoshi da ƙore kaɗan ba, goggonta na ta kuka wai ranar kallon ɗaki za a yi musu dariya. Iya ta sa Saude ta rage faɗin jeren, ta kai shi kusurwar da hasken ƙofa ke sauka da safe, suka cike sauran bangon da zane. Ranar da mata suka shiga, jeren a cike yake maƙil, babu gurbin ko ludayi, kowa na yabawa. A hanyar dawowa Iya ta ce mini, "Aikina ke nan. Kada ɗaki ya tona wa mai shi asiri."

Tari ya kama ta tun daminar bara, hannunta ya fara rawa. Duk da haka ba ta bar Saude ta tafi gidan kowa ita kaɗai ba. Takan bi ta da sanda, ta zauna a bakin ƙofa tana hira da matar gida, tana tsokanar yara, Saude na ciki tana aiki. Mutane sun saba ganinsu tare, sun kuma saba cewa Iya ce mai magana. Ni ma haka na saba.

Shi ya sa da Ladi ta tafi na rasa abin yi. Harufan da na koya ba su taimake ni ba. Can na hango faifan Saude a inuwa, da ɗan ɗakin da suka fara yi wa wata baƙuwa, karare biyun na tsaye a ciki. Ban taɓa taɓa su ba, domin ba yarena ba ne, nasu ne. Na dafa kafaɗarta ta juyo. Na ɗauki dogon na kwantar da shi a kan ɗan gadon, na yago bakin farin ƙyalle na rufe shi. Saude ta dubi karan, ta dube ni. Ta sa hannu ta tayar da shi tsaye. Na girgiza kai, na sake kwantar da shi. Ba ta ƙara tayar da shi ba. Ta ɗauki gajeren ta matso da shi kusa da gadon, ta zauna a ƙasa tana wani irin kuka daga cikin maƙogwaro, wanda ba na fatan wata uwa ta ji.

Baƙuwar da ake wa ɗakin ita ce Goggo Dije, Bafilatana, matar wani mai fataucin shanu da ya bar daji ya gina gida kusa da kasuwa. Tun da aka haife ta a bukka take kwana, wannan ne ɗakin ƙasa na farko da za ta mallaka. Ta zo gaisuwa gidan makoki, da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce, "Uwar yarinya, kada ki ga laifina. Maigida ya ce a nemo wani magini daga Fika. Da tsohuwa muke magana. Wannan kuwa in ce mata me, ta ce mini me?" Na san idan aikin nan ya kuɓuce, labari zai zaga gari cewa sana'ar ta bi Iya kabari, kuma babu mai sake kiran Saude. Na ce, "Goggo, ki bari ta zo sau ɗaya. In bai yi miki ba, ki kira na Fika."

Bayan sadakar bakwai Saude ta ɗora faifai a ka, na bi ta, ina shirya maganar da zan yi a madadinta. Da muka isa ƙofar gidan sai ta tsaya, ta dube ni, ta nuna mini dakalin zaure. Kamar na ji muryar Iya tana tambayata ko ba ni da wanki a gida. Na zauna. Daga inda nake ina hango tsakar gidan.

Ta ajiye faifan, ta juya ƙofarsa gabas kamar ta babban ɗakin, ta miƙa wa Goggo Dije kara. Goggo ta juya shi a hannu, ta waiwayo wajena, na sunkuyar da kai. Can ta tsuguna. Ta ɗauki ɗan gadon ta kawo shi daidai ƙofa, ta yi fifita da hannu, wato tana son iska. Saude ba ta hana ta ba. Ta tsoma yatsu a ruwa ta yarfa daga gabas, ta inda hadari ke tasowa, ruwan ya shiga ta ƙofa ya jiƙa gadon sharkaf. Goggo ta riƙe haɓa, ta yi wata magana da Fillanci, ta mai da gadon jikin bango da hannunta. Sannan Goggo ita ma ta ɗaga jeren daga ƙasa, ta yi tafiyar gara da yatsunta a jikin bangon, ta nuna ƙorenta da ke kife a rana. Saude ta gyaɗa kai, ta murza yumɓu ta ƙara wa jeren ƙafa. Har inuwa ta juya suna tsugune kai da kai, ba wanda ya neme ni.

Da Goggo ta rako ta, ta gan ni ta ce, "Au, kina nan? 'Yarki akwai gardama. Gobe ta zo da wuri, kafin rana ta yi zafi."

A hanya na ga dogon karan a ɗaure a bakin zanen Saude. Na yi ta hawaye har gida, don wadda ya kamata in ruga in ba wa labarin tana kwance a maƙabarta.

Ya Allah, ga baiwarKa Talatu ta zo gare Ka. Ta rufa wa mata asiri a ɗakunansu, Ka rufa mata nata. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka sa haske a cikinsa, Ka ba ta ɗaki a Aljanna wanda ya fi duk wanda ta gina. Ka ba ɗanta da Ladi da jikokinta da danginta na Gadaka haƙurin rashinta, Ka albarkaci bayanta. Ka riƙa wa Saude hannu, ita da ba ta da bakin roƙonKa sai zuciya. Ni kuma, idan tawa ta zo, Ka sa in cika da imani, in tafi da kwanciyar ran da wannan baiwa taKa ta bar mini. Amin.