Wutar da Na Sayar da Awon Gero

Na sayar da injina a kasuwar Isa, wani mutumin Nijar ya ɗora shi a mota ya wuce da shi. Lafiyar injin ƙalau. Farashi ne ya raba mu.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Burkusuma. Da 'yan bindiga suka tashe mu, shanun da suka rage mini na kaɗa su kasuwa. Na ce ba za ni sake riƙe dukiyar da ake korawa daji da sanda ba. Na sayi babban injin wuta mai shan fetur, na kafa rumfa a kasuwar Bafarawa. Wayar wutar gwamnati ta daɗe ba ta kawo komai ba, har yara na shanya a kanta.

Sari nake ba da wuta. Mutum uku ke jan waya daga wurina. Akwai Hajiya mai firiji, tana yin ƙanƙara da zoɓo. Akwai mai cajin waya, shi kuma yana raba wa teloli da masu aski. Sai mai walda, Bayarabe, haifaffen Isa, wanda bai taɓa kirana da wani suna ba sai “Bagobiri bawana”.

A kasuwar ba a yanka farashin abin da jama'a ke dogaro da shi sai gaban sarkin kasuwa. Ana zama da sabon gero ya fara shigowa, a yi magana, a shafa fatiha. Abin da aka yanke ya zauna har wata kakar. Ba takarda. Da aka tambaye ni nawa za ni sa, na ce ban yarda da naira ba, na ga yadda take narkewa a aljihu. A auna mini da gero. Kowace ranar kasuwa, kowa ya ba ni kuɗin tiyoyin da aka yanka masa, bisa yadda gero ya kama a ranar.

Mai walda ya yi dariya. “Sarki, ka ji bawana? Injin nan fura yake sha?”

Na ce, “Kai dai biya, mai cin barkono.”

A wurinmu gero ne ma'auni. Da shi ake biyan ƙwadago, da shi ake fidda zakka. Ban taɓa ganin abin da ya tashi ya bar gero a ƙasa ba.

Shekarar farko ta yi mini kyau. Da damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, gero ya hau, kuɗina suka hau tare da shi, fetur kuwa bai motsa sosai ba. Hajiya takan biya tana tsaki, amma takan biya. Na sayi awaki, na sayi babur. Da kaka ta zagayo, ni na fara cewa a bar maganar yadda take. Aka shafa fatiha.

Sai Allah Ya ba da amfani a wuraren da aka samu yin noma. Motocin da ke zuwa kwasar hatsi suka rage shigowa saboda tsoron 'yan bindiga a hanya. Gero ya cika kasuwa, ya faɗi. Ita wannan hanyar da ta hana gero fita, ita ta hana mai shigowa. Gidan mai ya rufe, sai 'yan bumburutu da jarkokinsu, kullum da sabon farashi. Na wayi gari abin da mutum ukun ke ba ni bai cika tankin yini ba.

Na je wurin sarkin kasuwa. Dattijo ne, yana zaune kan buhu yana ɓare gyaɗa. Ya sa aka kira su.

Na ce, “Ranka ya daɗe, maganar ga tana kashe ni. A sake ta.”

Ya ce, “Wa ya kawo zancen gero ranar da munka zauna?”

“Ni.”

“Da damina da gero ya hau, cikin waɗanga wa ya zo nan yana kuka?”

Hajiya ta ce, “Ni dai na yi kukana a ɗaki.”

Ya ce, “To. Sun ɗauki tasu, kai ma ɗauki taka. In na kwance maka yau, gobe mai nama zai zo, jibi mai ruwa. In kana so ka kashe inji, ba mai hana ka. Amma kada ka sake zama gabana ka ce a shafa fatiha.”

Ban yi musu ba. Gaskiya ya faɗa. Mutumin da ya zo gari da gudu, ba gona, ba dangi, maganarsa kaɗai ake ba shi wurin zama da ita. In ta karye, ko rumfa ba a sake ba shi.

Na ci gaba da tayar da inji. Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Da zafi ya shigo, lokacin da firijin Hajiya ba ya hutawa, babur ya bi su. Matata ta ce, “Malam, mu ke nan masu ciyar da ƙarfe?” Na ce ta yi haƙuri zuwa kaka. Wata rana na iske jarka cike a bakin rumfa. Mai walda ya leƙo ya ce, “Sadaka ce ga bawa, kada ka saba.” Na zage shi, na zuba man.

Na kai kaka ba tare da na hana kowa wuta ba. A zaman, sarkin kasuwa da kansa ya ce a bar gero, a bi farashin mai. Aka lissafa abin da zai riƙe injin. Hajiya ta ce da wannan kuɗin ba mai sayen ƙanƙararta. Mai caji ya ce ya riga ya yi cinikin sola. Mai walda shi kaɗai ba zai iya ɗauka ba, ranar bai tsokane ni ba. Ba a shafa fatiha ba. Sarkin kasuwa ya miƙo mini hannu, ya ce duk kasuwar da na je in ce shi ya aiko ni.

Yanzu ina Sabon Birni. Da shaidarsa aka ba ni rumfa kusa da tasha. Ina awon hatsi, farashin kowace rana da nata. Ni da matata da yara muna ɗaki biyu na haya, muna ci.