Inna a Bakin Katangar Baƙi'a

Babanmu a Madina ya rasu. Direba ne, ya tafi aikin hajji daga gidanmu na Kurmin Mashi a Kaduna da ƙafarsa, jakarsa kaɗai abokan tafiya suka dawo mana da ita. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce kai, Malam ya yi sa'a, an binne shi a maƙabartar Baƙi'a tare da Sahabbai. Inna tana amsawa da amin, amma ni na san abin da ke cin ta. A wurinmu kafin a fita da gawa ana kiran matar mamaci ta durƙusa a kansa, ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa. Ita ba ta samu wannan ba, ga shi kuma da 'yar tsamarsu suka rabu ranar da zai tafi.

Shekaru suka ja. Da Allah ya hore mini, ina aikin gwamnati, na ɗauke ta muka tafi Umra. Tun a jirgi magana ɗaya take maimaita mini: ita dai a kai ta kan kabarinsa.

A Madina aka zuba mu a bas don ziyara. Jagoranmu wani dattijon Bakano ne da ya daɗe a can, riƙe da 'yar lasifika, kuma wallahi ya iya bakinsa. A Uhudu ya nuna mana tudun da maharba suka tsaya da inda shahidai suke kwance, har wasu mata suka fara share hawaye. Inna ta ɗan zungure ni.

"Kin ji ko? Mutumin da ya san makwancin mutanen da, ai na babanku ba zai gagare shi ba."

Ni ma a raina haka nake fata.

Baƙi'a tana jikin Masallacin Annabi, da ƙafa muka je. Maza suka shige, mu mata aka tsayar da mu a waje, muna leƙe ta ramukan katanga. Fili ne fetal, ƙasa da ƙananan duwatsu, sai tattabaru. Jagoran yana cikin bayani Inna ta kutsa har gabansa.

"Malam, don Allah ina aka sa 'yan Kaduna?"

Wata mata a bayana ta ƙyalƙyale da dariya. Na juya na ce mata, "Baiwar Allah, me aka yi na dariya? Mijinki ne a ciki?" Ta kau da kai. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Shi kuwa ya sauke lasifikar, ya rage murya. "Hajiya, a nan ba a rubuta suna, ba a kuma ware ƙasa ko gari. Wanda ya zo, inda aka samu wuri nan ake sa shi."

"To a bar ni in shiga, zan gane."

"Mata ba sa shiga, Hajiya. Ki yi haƙuri. Addu'a daga ko'ina tana isa."

"Na sani. Ba addu'a kaɗai ba ce, magana zan yi masa. Ko ta wane gefe ne, nuna mini da hannu kawai."

Ya daɗe yana kallon filin, sannan ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi mata ƙarya a wannan wuri ba. Na ji haushinsa a lokacin, na so a ce ya nuna ko'ina ne kowa ya huta. Ana haka aka fara kiran mutane su hau mota, saura kasuwar dabino. Na ce su tafi, mu ba dabino ya kawo mu ba.

Sai Inna ta dafa katangar ta fara bin ta. Ta ɗan taka, ta tsaya, ta kai bakinta jikin ramin ta ce, "Malam, ni ce. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini." Ta ƙara gaba, ta sake faɗa. Dabararta ita ce in ta zagaye wurin duka, dole wani wuri ya zo kusa da shi. Ina biye da ita riƙe da takalmanta da gorar ruwa, ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Wurin yana da girma, ga rana, ga ciwon gwiwa. Ba mu yi rabi ba ƙafa ta ƙi, ta zauna daɓas a ƙasa. A keken guragu aka mayar da ita masauki, washegari kuma ayarinmu ya wuce Makka.

Da muka dawo Kaduna gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana rabon zamzam. Goggo, yayar Baba, ta taso tun daga Rigachikun, ta riƙe hannun Inna ta ce, "Kin je wurin ɗan'uwana?" Inna ta ce ta je, alhamdu lillahi.

Sai da kowa ya watse, ina kwashe kofuna, ta kira ni.

"Ke 'yar nan, in a can gefen da ban kai ba yake fa?"

Na ajiye kofunan, na zauna kusa da ita.